Aron Hayaki

Madafar Inna ta fi kowace madafa kyau a ƙauyenmu, wannan kowa ya sani. Amare kan zo su jingina da kabad ɗinta a ɗauke su hoto, baƙi kuma ba sa tafiya sai an buɗe musu sun leƙa. Ni na sa aka yi ta, ni ce kuma ba na so in ji ana yabonta. Duk sa'ad da wata ta ce mini, “Kai, Malama, kin fidda uwarki kunya,” sai in ji kamar in kwaɗa mata mari, alhali baiwar Allah ba ta yi mini laifin komai ba.

Ƙauyen namu yana bakin kwarin Badaguishiri, ni kuwa ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Konni, can nake da aure. Tun rasuwar Baba, Inna ke riƙe da gidan, ita da matar ƙanena, shi yana can ci-rani. Tsohuwar madafarta ɗakin ƙasa ce mai rufin azara, da murhu na duwatsu uku da 'yar taga guda wadda ko kan akuya ba zai shiga ba. Kunkunniya ta lulluɓe azarun har suna sheƙi. Idan ka ɗaga kai daidai saman murhu, za ka ga zangarniyoyin hatsi ɗauri-ɗauri suna rataye, sun yi baƙi ƙirin. Wannan shi ne irin Inna.

Hatsi ne gajere, zangarniyarsa mai gashi-gashi, tsuntsu ba ya son ta. Yakan riga na kowa nuna. Lokacin da rumbunan gari suka koma ƙasa, mutane suna duban gona suna haɗiyar yawu, mu mun fara gasa tumu. Inna ta zo da shi ne daga ɗakin uwarta, can arewa da Illela, a ƙasan ƙwaryar kayan aurenta. Ba ta taɓa shuka shi cikin babbar gona ba. Yana da tasa 'yar gonar a kan tudu, nesa da ta kowa, don kada ya gauraya da na mutane. Kafin girbi takan shiga ita kaɗai ta zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika, ta ɗaure, ta rataye a hayaki. Hayakin ke hana ƙwari taɓa su har damina ta zagayo. Akwai shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, ina ƙarama, muka kwana biyu muna shan ruwan kunu tsululu, na nuna mata sama na ce ga hatsi can. Ta buge mini yatsa, ta ce, “Wancan ba na ciki ba na, na ƙasa na.” Ban sake nunawa ba.

Abin da ya tayar da maganar gyara tari ne. Inna ta yi wata da watanni tana tari, idanunta kullum ja suna ruwa. Bayan girbi na kai ta likita a Illela, aka duba ta, aka ce hayaki ne, idan ba ta rabu da shi ba ƙirjin zai ci gaba da lalacewa. Na fito daga wurin da niyya guda: madafar nan sai an sake fasalinta, ko Inna tana so ko ba ta so.

Na fara da maginin garinmu, don shi kowa ke fara nema. Dattijo ne, abokin Baba, tare suka ɗora azarun madafar tun ban zo duniya ba. Na aika masa da safe, sai bayan la'asar ya iso, yana tafe kamar mai rakiyar amarya. Ya gaisa da Inna, ya tambayi awaki ɗaya bayan ɗaya, ya sha fura, ya sa hannu ya goge gemu. Sannan ya shiga madafar ya tsuguna, ya ce Inna ta zauna inda take zama. Ya sa ta miƙa hannu kamar za ta ɗauki muciya, ya ja layi da gawayi. Ya tambaye ta ta ina ruwa ke bugowa, ina take aje tulu, tukunya nawa take ɗorawa ranar suna. Ni ina tsaye da metir ɗina na awo a hannu, ko kallonsa bai yi ba, da kamu da taki yake awonsa. Daga ƙarshe ya ɗaga kai ya daɗe yana duban zangarniyoyin nan.

Ya ce, “To, Malama, aiki mai yiwuwa na. In ɗaga gini, in buɗe tagogi, in yi ma hayaki hanya shi hita ta bisa, in bar ma iri ɗan wurinai cikin hanyar. Amma sai an yi shibka.”

Na ce, “Baba, shuka fa? Yanzu aka gama girbi!”

Ya ce, “Ba a tone rufin madahwa iri na rataye. In an sabko da shi, ina za a kai shi? A bari shi shiga ƙasa tukuna.”

Raina ya ɓaci. Wata bakwai ke nan Inna za ta ƙara tana shaƙar hayaki, kuma na san halinsa sarai. Idan an yi shuka zai ce sai ya gama noman fari, idan ya gama ya ce ƙasa ta jiƙe, bulo ba ya bushewa. Ƙofar da ya sa mini a gidana na Konni har yau sai an ɗaga ta da gwiwa take rufuwa. Na ce masa a gaban Inna, “Ku dai maginanmu ba ku da aiki sai ‘sai gobe’. Mutum ya mutu yana jiranku. Hatsi ya fi ran uwata ne?” Ya miƙe. Ya kakkaɓe rigarsa, ya yi wa Inna sai an jima, ya fita. Inna ta ce mini, “Ke, abokin ubanki na hwa.” Na ce na sani.

Bayan sati biyu aka tura mu taron malamai a Yamai. Wata abokiyar aikina ta ja ni wani katafaren kantin kayan gini, wai in zo in ba idona abinci. Ban taɓa ganin irinsa ba. Ɗaki guda fenti ne zalla, wani fanfuna, wani karo, wato tayil, kala-kala na daɓen ƙasa da na bango. Can ciki kuma sun jera madafu sukutum, kowace da kabad da wurin wanke-wanke da murhun gaz, har da tukwanen ƙarya a kai. Wani saurayi mai ƙamshin turare ya tare ni da murmushi. Ya tambayi tsawon ɗakin da faɗinsa, na buɗe littafina na karanta masa. Ya tambayi kalar da nake so, na ce fari. Kafin in gyara gyalena ya juyo mini da kwamfuta, ga madafar Inna nan a ciki, fes, har da hasken rana yana shigowa ta taga. Ya ce suna da ma'aikata a yankin Tawa, kwana biyar za su gama, kuma da garanti.

Tambayoyinsa ke nan duka: tsawo, faɗi, kala. Bai tambayi wa zai yi girki a ciki ba, ko me ake dafawa, ko tsaye ake yi ko zaune. A lokacin wannan ne ma ya burge ni. Na ce a raina ga mutanen da suka san darajar lokaci, ba masu tambayar lafiyar awaki ba. Na sa hannu a takarda ina jin kaina kamar na gina masallaci.

Ranar da za su fara na ɗauko Inna na kawo ta Konni, don ƙura da ƙarar guduma, ita ma matar ƙanena ta tafi ganin gida. Muna cikin mota Inna ta kama hannuna ta ce, “Irina hwa? Ki hwaɗa musu.” Nan take na kira shugaban ma'aikatan, wani matashi da suke kira shef, na ce masa akwai hatsi rataye a saman murhu, iri ne, a kula da shi sosai, a adana shi wuri mai kyau. Ya ce, “Babu damuwa, Madam, kamar an yi an gama.” Na juya na ce wa Inna ta ji ko? Ta gyaɗa kai, amma ba ta saki hannuna ba sai da muka wuce Malbaza.

Gaskiya sun cika alkawarin kwana biyar. Suka tone rufin azara suka sa kwano, suka buga farin silin a ƙasansa. Bango ya sha siminti da karo, taga biyu manya, kabad tun daga ƙasa har sama. Ranar da na mai da Inna, rabin matan gari suna tsakar gidan. Aka yi guɗa, aka yi ta shi mini albarka, ni kuma ina ta baza haƙora cikin sabon leshi. Inna ta shiga a hankali, ta cire takalmi a bakin ƙofa kamar baƙuwa. Ba ta dubi kabad ba, ba ta dubi fanfo ba, sama ta duba.

Ta ce, “Ina irina?”

Na nuna mata kabad ɗin ƙarshe, wanda ke manne da silin. Shef ya riga ya gaya mini ta waya cewa sun zuba shi a sabon bokitin roba mai marfi, sun rufe ruf, sun sa can sama inda ɓera ba ya kaiwa. Ta ce a sauko da shi ta gani. Ga baƙi cike da gida, ga ba tsani, ga leshina. Na ce ta bari sai an watse. Aka watse, na manta, na koma Konni.

Sau biyu ta sake yi mini maganar, kuma nan ne nawa laifin ya fi girma. Na gyara murya irin ta cikin aji, na yi mata bayani cewa hatsin da aka rufe iska ba ta shiga, ƙwaro ba ya rayuwa a cikinsa, buɗewar ma ita ce haɗari. Na ce kada kowa ya taɓa sai ranar shuka. Maganar gaskiya ce a littafi, idan hatsin busasshe ne. Ni ban gani da idona ba, na dai ɗauka. Inna kuwa tun da na fara albashi take jin nauyin musu da ni a kan abin da ta ce “na masu boko na”. Ta bar kabad ɗin a rufe.

Tarin dai ya ragu, ba zan ɓoye wannan ba. Tana dafa shayi da miya a gaz. Tuwo kuwa ya gagara, don ba mai tuƙa tuwon gida guda a tsaye, tukunya tana rawa a kan ɗan ƙarfe. Sai ta kafa duwatsunta uku a tsakar gida, inda iska ke kwashe hayakin. Da na gani na yi ɗan tsaki, amma na bar ta.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Alhamis. Juma'a da sassafe na kama hanya, don na san Inna ba ta bari ƙasa ta sha iska. Na same ta ta riga ta fito da turmi da faifai, sungumi yana jingine a bango. Na jawo tebur na hau, na buɗe kabad ɗin, na rungumo bokitin. Nauyinsa ne ya fara ba ni tsoro, ya fi ƙarfin busasshen hatsi. Na dire shi a tsakiyar farin karon nan, na ɓalle marfin.

Warin da ya bugo mu sai da matar ƙanena ta fita da gudu. Zangarniyoyin sun narke sun manne da juna, funfuna ta rufe su, kore da baƙi da fari, ga wani ruwa mai yauƙi kwance a ƙasan bokitin. Inna ta durƙusa. Ta sa hannu ta ɗago guda, ta zame ta bar mata ɓawo a tafin hannu. Ta ɗago ta biyu, ta uku. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, tana murzawa da yatsa ko za ta ji ƙwaya mai tauri. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Da ta gama ta ce, “Wa ya jiƙa shi?”

Nan take na kira shef. Sai da na tuna masa ko ni wace ce. Ya ce, “A'a, Madam, ai mun kula da shi. Da muka sauko da shi ya yi datti ƙwarai, baƙi ƙirin, duk inda aka aje sai ya ɓata wuri. Ga kabad fari sabo. Sai na sa aka wanke shi tas da ruwa, sannan muka rufe.”

Na ce, “Kun wanke shi?”

Ya ce, “Tas, Madam.”

Wallahi yana faɗa yana jiran in gode masa. Ɗan ƙasar nan, wanda aka yaye da kunun hatsi, ya girma da fura, ya rasa sanin cewa ba a jiƙa hatsi a rufe! Ko da ya wanke, rana ta ƙare ne a ƙasarmu ta Adar da ba zai shanya ba? A'a, suna sauri, kwana biyar ne a takarda, akwai wani aikin yana jiransu. Baƙin da ya kira datti shi ne ya tsare irin nan shekara da shekaru, tun kafin a haifi uwarsa. Na gaya masa haka, na ƙara da wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Da na tsagaita sai ya ce, cikin sanyin murya irin ta mai lallashin mahaukaciya, “Madam, hatsi ne fa. Ba ga shi nan cike da kasuwa ba?”

Na kashe wayar don kada in yi saɓo. Na kira kantin can Yamai. Aka haɗa ni da wannan, ya haɗa ni da wancan, kowa da ladabinsa kamar an jiƙa shi a zuma. A ƙarshe wata mata ta buɗe takardata ta karanta mini abin da garanti ya ƙunsa: ƙofofin kabad, fanfo, karo idan ya ɗago. Ta ce hatsi ba ya cikin kontara, wato yarjejeniyar da na sa wa hannu. Na ce ai na faɗa da bakina. Ta ce da an rubuta da ya fi. Sannan ta tambaye ni, don Allah ku ji, ko bokitin ya fashe ne, don idan ya fashe za su iya musanya shi. Ladabin nan nasu ya fi zagi ciwo. Magini ko ya ɓata maka aiki ka san ƙofar gidansa, ka san surukinsa, za ka haɗu da shi a jana'iza ya sunkuyar da kai. Waɗannan kuwa murya ce kawai a cikin waya, idan ka gama ihunka ta yi maka fatan alheri.

Na fito na tarar Inna ta wanke hannu ta yafa zane. Ta ce za ta zaga gari. A tsawon shekaru ta sha ba mata irin nan, tafi ɗaya, tafi biyu, ba ta taɓa hana wanda ya roƙa ba. Na bi ta gida-gida, ina tafe a bayanta kamar wadda aka kama da sata. Wannan ta ce ta shuka nata tsakiyar gona ya gauraya, ya zama dogo kamar na kowa. Waccan ta ce sun cinye shekarar da aka yi wuya. Wata ta kawo mana wani hatsi a ƙoƙo tana rantsuwa shi ne, Inna ta duba ta mayar mata, ta yi godiya. Muka aika ƙauyen su Inna, aka ce mai irin ta ƙarshe ta rasu, 'ya'yanta na kanti suke shukawa.

Asabar gari duk ya watse gona. Daga ƙofar gida kana hango mutane layi-layi, mai sungumi a gaba, masu zuba iri a baya. An shuka babbar gonarmu da hatsin rumbu. 'Yar gonar tudu kuwa tana nan fayau, ƙasarta tana bushewa. Na ce wa Inna in sayo mata iri mai kyau a Badaguishiri, akwai mai saurin nuna, a sa a wurin kada ya zauna banza. Ta ce, “Bar shi.” Ta zauna bakin murhunta na tsakar gida ba ta hura wuta ba. A ranar na ga tsufanta, wanda tari bai nuna mini ba.

Lahadi da hantsi muka ji sallama. Magini ne, da laka a ƙafarsa, daga gona yake. Tun ranar da na yi masa rashin kunya ban sake haɗa ido da shi ba. Ya gaisa da Inna, ya tambayi awaki yadda ya saba, ni ko ina ta neman inda zan sa fuskata. Sannan ya zaro wani ƙullin tsumma daga aljihun rigarsa ya aje a gabanta. Ta kwance. Zangarniya biyu ne, gajeru, baƙi ƙirin, gashinsu yana nan.

Ya ce, “Uwar Malama, randa sunka tone rufin na biyo na iske sun watsar da azaru waje. Na ce su ba ni, ni da mai gidanki munka ɗora su. Ina kakkaɓa na ga waɗanga sun maƙale bayan wata azara. Na kai madahwar matata na rataye.”

Inna ta ce, “Shi na ba ka hwaɗi ba?”

Ya ce, “An ce mini iri na cikin kabad, an ruhe da marhi na zamani. Na ce wa ka son nawa guda biyu? Jiya na ji labari.”

Inna ta murza ƙwaya guda ta sa a haƙori. Na ji ƙarar fashewarta daga inda nake. Sai a lokacin hawaye suka zubo mata, ta yi ta sa masa albarka, shi da iyayensa da zuriyarsa. Ni na durƙusa na ce, “Baba, ka yafe mini, na yi maka rashin kunya.” Ya ce, “Tashi, Malama. Ke ma da gaskiyarki, tari ba shi jiran shibka. Kuma ƙohwarki ta Konni na san ta karkace.” Na so in yi dariya, abin ya ƙi.

Ranar muka hau tudu mu biyu. Ni na riƙe sungumi, abin da rabona da shi tun ina budurwa, Inna tana bina tana ƙirga ƙwayoyi a yatsa kafin ta saki, tana rufewa da diddige. Ko rubu'in gonar ba mu cika ba. Duk daminar nan ta tsare wurin kamar mai jinya. Ta kewaye shi da ƙaya, ta hana kowa gasa tumu ko guda, ita ma ba ta ɗanɗana ba. Allah ya taimaka ruwa ya kai, hatsin ya yi.

Na je ranar da ta shiga zaɓen iri. Ta fito da zangarniyoyi masu kyau, ta zauna ta ɗaure su ɗauri uku da igiyar kaba, yadda na saba gani tun ina yarinya. Ta ɗauka ta shiga madafa, ni ina biye. Ta tsaya a tsakiya ta ɗaga kai. Farin silin ne sumul, ba azara, ba ƙusa, ba ɗigon baƙi ko ɗaya. Na ce da sauri zan sa a buga mata ƙugiya. Ta ce, “A rataye shi sha mi?” Na ce to a tsakar gida, saman murhunta. Ta ce can hayaki ba ya tsayawa, ga kaji, ga tsuntsu, ga raɓa. Na riga na roƙi magini ya gina mata 'yar madafar tuwo a gefe mai hanyar hayaki, ya ce to, bayan ya gama girbi. Wannan karon na ce masa Allah ya kai mu.

Inna ta naɗe ɗaurin uku a zane, ta ɗora a ka, ta fita. Na ce ta kawo in ɗaukar mata, ta ƙi. Muka ratsa gari tsakar rana, mata suna gaishe ta, wata har tana cewa gobe za ta kawo baƙuwarta ta ga madafa. Matar da ta shekara hamsin ana zuwa ɗibar wuta a murhunta, ita ce tafe da irin uwarta a ka tana nema masa masauki, don 'yarta mai ilimi ta gyara mata ɗaki. Na ji haushin kantin, na ji haushin shef, amma duk a taru ba su kai wanda nake ji na kaina ba.

A ƙofar gidan magini ta tsaya ta yi sallama. Matarsa ta leƙo daga madafarta, 'yar baƙar madafa irin wadda na rushe, hayaki yana fita ta saman ƙofa, tana goge ido da gefen zane. Ta ce, “Maraba, Yaya, lahiya da rana haka?”

Inna ta sauke ƙullin daga kanta ta riƙe da hannu biyu. Ta ce, “Lahiya lau. Aron hayaki na zo ki ba ni, har damana.”